Akawu Ya Samu Ƙara

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi yana rubuta ƙarar mutane a kotu, bai taɓa samun tasa ba. Ya rubuta ta masu rigimar katanga, ya rubuta ta wanda akuyar maƙwabci ta cinye wa shuka, har da ta wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara shida suna shari'a a kan rijiyar da ta riga ta ƙafe. Da ya yi ritaya sai sunan aikin ya biyo shi gida, halin ma ya biyo shi. Ko sa-in-sa aka yi a unguwa a kan kwata, sai ya gyara gilashi ya ce, "Akwai shi a rubuce?" In aka ce babu, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

Bayan takarda, ba abin da yake ji da shi kamar motarsa, wata tsohuwa ruwan toka da ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙawa. Da hannunsa yake wanke ta, kuma ba mahaluƙin da ke taɓa sitiyarin nan. Matarsa, Maman Biyu, ta roƙe shi ya koya mata tuƙi ya fi a ƙirga. Amsarsa ɗaya ce: "Mota ba keken ɗinki ba ce. Ina za ki da ba zan kai ki ba?"

Wata Litinin giyar motar ta fara gardama, in ya sa ta biyu sai ta yi gurnani kamar an taka kare. Ya kai ta garejin da ke bayan gidan mai, wurin bakaniken da kowa ke kira Gobe-da-Safe. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi, amma an ce hannunsa na da kyau. Garejin wata rumfar kwano ce, ƙasanta baƙi ƙirin da baƙin mai, ga ramin duba mota, ga tsofaffin tayoyi jibge, ga wata kujerar mota da aka cire aka mai da ita wurin zaman baƙi.

Akawu bai miƙa makulli ba sai da ya zaro ɗan littafinsa ya kwafe lambar da ke kan mita, ya ɗauki motar hoto gaba da baya da gefe biyu, sannan ya ce a sa masa hannu.

Gobe-da-Safe ya yi dariya, ya dangwala babban yatsansa mai baƙin mai a takardar. "Baba, kai dai ba ka yarda da kowa ba. Jibi ka zo ka ɗauki abarka."

"Jibi, ko gobe da safe?"

"Jibi da safe."

Jibin nan ta yi sati huɗu. Yau a ce kayan bai iso ba, gobe a ce ya iso amma ba irinsa ba ne. Sau biyu Akawu ya yi sammako ya je ya tarar ba motar a rumfa, aka ce masa an fita gwaji da ita. Ya koma shiga motar haya, ana matse shi, ana taka masa takalmi. Abu ɗaya ne ya faranta masa rai a watan: Maman Biyu ta fara fita tattaki kowace safiya, kamar yadda likita ya daɗe yana ce mata saboda gwiwa. Ta kan dawo bayan awa biyu fuskarta a washe.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Da kin ji maganata tun bara. Ƙafa aka yi wa mutum, ba taya ba."

"Gaskiyarka, Baban Biyu," ta ce.

Ranar da aka ce motar ta kammala, tun daga nesa ya ga ba lafiya. Ƙofar baya ta hagu tokarta ta fi ta sauran jikin haske, kuma ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an buga. Fitilar baya ta dama ta tsage, an liƙe da salatif. Da ya shiga, gwiwarsa ta daki sitiyari, domin an turo kujerar gaba sosai, ga wani ƙauri kamar an ƙona gashi. Ya taka kuloci ya ji shi lagwaf. A gilashin baya akwai sawun gam mai kusurwa huɗu, inda aka liƙa wani abu aka ɓare. Ya buɗe littafinsa ya duba mita. Kilomita ɗari tara da sha biyu sun ƙaru.

"Gwaji ne, Baba," in ji Gobe-da-Safe yana goge hannu da tsumma.

"Gwaji har wata ƙasa kuka je?"

"Ai giya sai an wahalar da ita take faɗin gaskiya."

Mai shayin gefen garejin ne ya ƙarasa labarin, ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce ai duk motar da ta kwana uku a wurin nan ta zama makaranta. Kullum da safe ana liƙa mata jar alamar 'yan koyo a kai ta filin bayan firamare, da rana kuma a bayar a yi jigila.

Ya kamata ran Akawu ya ɓaci, kuma ya ɓaci. Amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani abu mai kama da murna, wanda ko kansa bai yarda ya gaya wa ba. Abin nema ya samu. Ga hujja, ga hoto, ga sawun yatsa. Ya bar motar a inda take, ya ɗauki sababbin hotuna, ya wuce kai tsaye ofishin 'yar ƙanwarsa lauya.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, fanka na juyawa tana ɗaga gefen takardu. Ita ya goya tana jaririya, amma tun da ta sa baƙar riga yake ce mata Barista.

"Barista, na kawo miki shari'ar da za ta fito da sunanki. Ina so a kama shi yau."

"Kawu, zauna ka sha ruwa tukuna." Ta dudduba hotunan. "In ka kai wa 'yan sanda, mai yiwuwa su karɓa, tunda amfani da mota ba izini laifi ne. Amma motar za ta zama shaida. Ka san filin da ake ajiye shaida."

Ya san shi sarai. Ta tagar tsohon ofishinsa ya sha kallon motoci suna zaune a kan ƙarfe, ciyawa na fitowa ta bonet.

"Ga yadda za mu yi," ta ce. "Ka samo wani bakanike daban, wanda ba abokinsa ba, ya duba ta ya rubuta abin da ya lalace da dalilinsa. Sai in rubuta masa wasiƙa, a ba shi kwana goma sha huɗu ya gyara ɓarnar a wani garejin. In ya yi kunnen ƙashi, akwai ƙungiyar kanikawa, suna sasanci, kuma sun fi kowa sanin inda za su matsa masa. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye. In duk ba su yi ba, sai kotun ƙananan ƙararraki, ba ka ma buƙatar lauya."

"Mu fara da kotun."

"Kawu, kai da bakinka kake ce mana kotu ita ce ƙofar ƙarshe."

"Wannan ga wasu ne."

Ta yi dariya ta ce ya kawo takardun motar. Ya miƙa mata su a cikin leda, a goge kamar sabbi. Ta buɗe, ta karanta, ta ɗago.

"Kawu, wannan ai sunan Anti ne."

Sai a lokacin ya tuna. Motar gadon Maman Biyu ce daga mahaifinta. Ranar da aka kawo ta, shi da kansa ya tsaya aka mai da takardun sunanta, yana cewa gado ba a wasa da shi, a bi doka. Daga nan ya karɓi makulli don ya gyara mata fakin, bai sake mayarwa ba.

"Kai ka kai gyara, kana iya magana a kan gyaran," in ji Barista. "Amma zancen an hau ba izini, mai mota ce za ta faɗa."

"Wannan mai sauƙi ne. Hannu kawai za ta sa."

Kwana biyu ya yi a teburin falo yana rubutu, ya cika shafi tara. Ya kawo wa Maman Biyu tana gyaran wake a tire, ya nuna mata inda za ta sa hannu. Ta goge hannunta, ta karɓa, ta fara karantawa daga layin farko. Bai yi tsammanin haka ba.

"Nan ka ce ba da sanina ba, ba da yardata ba."

"Haka ake rubutawa."

"Baban Biyu, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ki bari sai an gama shari'a. Yanzu kaina a cike yake."

Ta dube shi, ta ninke takardun ta miƙa masa. "To. Ba zan sa hannu ba, amma duk ranar da aka kira zama zan je in yi magana da bakina."

Barista ta ajiye shafi taran nan a durowa, ta aika wasiƙa mai layi shida tare da rahoton wani tsohon bakanike, wanda ya rubuta cewa kulocin ya ƙone ne a ƙarƙashin ƙafafun da ba su san shi ba, ƙofar kuwa ta wata motar ce. Gobe-da-Safe ya karɓi wasiƙar ya ce zai ba da amsa gobe da safe. Da kwana goma sha huɗu suka cika, suka kai kuka ƙungiya.

Ofishin ƙungiyar wani shago ne mai benci biyu da tebur ɗaya. Ciyaman ɗinsu dattijo ne mai ƙaton ciki, yatsunsa biyu na dama sun lanƙwashe tun wani tsohon hatsarin jak. Akawu ya zo da babbar riga da fayil. Maman Biyu ta zauna a ƙarshen benci, jakarta a cinya.

Akawu ya miƙe ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, a ranar Litinin, da misalin ƙarfe tara da kwata..."

"Tsaya, Malam," in ji Ciyaman. Ya juya wurin bakaniken. "Kai, ka koyar da tuƙi da motar mutane ko ba ka koyar ba?"

"Na koyar, Ciyaman. Amma da izini."

"Ƙarya yake!" in ji Akawu. "Yaushe na ba ka izini?"

"Ba kai ba, Baba. Mai motar." Ya nuna ƙarshen benci da haɓa.

Akawu ya waiwaya a hankali. Maman Biyu ta gyara mayafi.

"Gaskiya ya faɗa," ta ce. "Kwana uku da kai ta, na je na same shi. Ya ce giyar ƙaramin aiki ce, ya ma gama. Na ce to kada ya faɗa, ya koya min da ita. Awa ɗaya kullum, a filin firamare."

"Tattakin..." in ji Akawu.

"Ina yi. Da ƙafa nake zuwa filin, da ƙafa nake dawowa."

Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya, Ciyaman ya harare shi. Gobe-da-Safe ya miƙe ƙafa ya jingina, ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. "To ka ji, Ciyaman. Rigimar gida ce. A sallame ni in koma aiki."

"Ban gama ba," in ji Maman Biyu. Ta buɗe jaka ta ciro wani littafin makaranta mai bango shuɗi. "Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin da ko batir ya saya sai ya rubuta, ai dole wani abu ya shafe ni. Kullum kafin in tayar ina rubuta lambar mita, in na gama in sake rubutawa. Kwana ashirin da biyu na yi, duka tafiyata kilomita sittin da takwas. Fitilar nan ni na fasa, na daki turken ragar ƙwallo ranar da na fara koyon ribas, kuma ni zan saya. Amma kullum in na dawo da safe sai in tarar lambar ta yi tsalle. Na tambaye shi ya ce gwaji ne. Rana ta goma sha biyar na tarar ƙofar ta canja launi, ya ce idona ne. Ni kaina na ba wa izini, ban ba wa gari ba."

Ciyaman ya karɓi littafin, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. "Hajiya, wannan lambar ta farko, wa zai tabbatar da ita?"

"Maigidana. Yana da ita a rubuce, da sawun yatsan wancan."

"To Malam, kai shaida ne ke nan. Karanto mana lambar kawai, ka zauna."

Akawu ya buɗe fayil ɗinsa mai kauri, ya wuce shafi tara, ya karanta lamba ɗaya, ya zauna. Iyakar abin da aka nema daga gare shi ke nan a ranar.

Ciyaman ya juya kan Gobe-da-Safe, ya wanke shi tas. Ya ce irinsu ne ke sa in bakanike ya yi sallama a taro mutane su laluba aljihu su ji ko makullinsu na nan. A ƙarshe aka rubuta yarjejeniya: za a kai motar garejin da mai ita ta zaɓa, a sa sabon kuloci, a gyara ƙofa a yi mata fenti daidai da jiki, duk a wuyan Gobe-da-Safe, cikin kwana goma. Fitila a wuyan Hajiya. Da aka rasa mai kyan rubutu, sai aka miƙa wa Akawu biro.

A motar haya suka koma. Sai da suka shiga gida ya cire hula ya ce, "A gaban kanikawa. A gaban kanikawa kika tsinka ni."

"Na ce maka akwai magana, ka ce kanka a cike yake."

"Me kika rasa? Ina na ƙi kai ki?"

Ta ajiye jakarta. "Ka tuna bara da jiri ya kwashe ka a bakin famfo da azahar? Kana kwance ido a kakkafe, mota na ƙofar gida, makulli na aljihunka, ni kuma ina titi ba takalmi ina tsai da masu wucewa. Minti arba'in, Baban Biyu. Ina kallon motar ubana, ban san ko ta ina ake tayar da ita ba. Ranar na rantse ba za a sake ba."

Shi abin da ya riƙe daga ranar nan shi ne an rubuta sunansa ba daidai ba a katin asibiti. Bai taɓa tambayar yadda aka yi ya isa can ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe zaune a bakin gado. Da ya fito bai ba da haƙuri ba, domin bai iya ba, sai dai ya ce, "Littafin nan naki, ya kamata ki riƙa sa kwanan wata a hagu." Ta ce to, za ta gyara.

Kwana goma suka cika, Gobe-da-Safe bai motsa ba. Akawu ya farfaɗo. Ya goge rigarsa, ya raka Maman Biyu kotu, ya nuna mata tagar da ake shigar da ƙara, ya gyara wa sabon akawun wurin kuskure biyu ba a tambaye shi ba. Ya fara shirya abin da zai faɗa a gaban alƙali, yana bitarsa a banɗaki. Sai dai sammaci na isa gareji da safe, kafin la'asar an ja motar zuwa wurin tsohon bakaniken nan, ga sabon kuloci a kwali. Ashe Ciyaman ne ya aika wa Gobe-da-Safe cewa in aka ji sunan ƙungiya a kotu, rumfar kwanon ma sai ta tashi. Cikin kwana huɗu aka gama komai, Maman Biyu ta je ta janye ƙara.

"Da kin bari ko zama ɗaya a yi," in ji Akawu.

"Mota nake so, ba zama ba."

Barista ce ta kawo sauran labarin ranar da ta zo ganin motar. Ta ce takardar koyo da Anti ta yanka ba ta ba ta damar hawa titi ita kaɗai ba, dole mai lasisi ya zauna a gefenta. Ta dubi kawunta tana danne dariya. "Doka ce, Kawu."

Ranar Asabar da hantsi aka liƙa jar alama gaba da baya. Akawu ya shiga ta ƙofar da bai taɓa shiga ba, ya ja bel, ya riƙe hannun ƙofa da hannu biyu. Ƙafarsa ta dama sai taka birkin da babu take yi. Maman Biyu ta fita layi a hankali, ta wuce gidan mai, ta wuce kasuwar kayan gini. A babbar mahaɗa fitila ta ba su hannu, ta saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Wata tifa a bayansu ta danna hon, direban ya leƙo yana ɗaga hannu.

"Hajiya, a koma kicin mana!"

Kafin ta sake murɗa makulli, Akawu ya sauke gilashi ya fito da kai har kafaɗa.

"Kai makaho ne? Ba ka ga alama ba? Da iyawarka aka haife ka? Sake danna hon ɗin nan ka gani, na riga na kwafe lambarka!"

"Baban Biyu," ta ce, idonta na kan titi, "shigo da kanka, kana tare min madubi."

Ya shigo da kansa. Ta tayar, ta sa giya ɗaya, suka haye mahaɗar.